Masu numfashi da salfet: daga lakar Svalbard mai ƙanƙara zuwa ƙasan Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa soka sanda cikin lakar da ke gindin itatuwan shura, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar Bahar Maliya, ko ya tsaya kusa da bayyara, wato ramin ƙazantar gida, lokacin da motar wayit, tankar kwasar ƙazanta, ke zuƙe ta a unguwannin kudancin Jidda, ya san abu biyu: baƙin launi da warin baragurbi. Can gida ma, lakar kwatami da ta tsohon kududdufi haka take. Mutane na cewa ruɓa ce, kuma gaskiyarsu, sai dai ruɓar tana da masu yin ta. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ba sa numfashi da iskar oksijin kamar mu. Salfet suke ja, wato wani gishiri na farar wuta da ke narke cikin ruwa, su fitar da haidurojin salfayid, iskar nan mai wari. Wani Baholande, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware su a 1895.

Da yake a lokacin zafi muke jin warinsu, mun ɗauka 'yan zafi ne. Amma galibin filin aikinsu a duniya sanyi ne ƙalau. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasan tekunan duniya ba ya wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, rani da damina, kuma suna nan suna aiki a ciki. Mu da ke zaune a bakin Bahar Maliya muna gaban ɗaya daga cikin 'yan tekunan da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, shi ya sa ɗalibanmu da ke karatun ilimin teku a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko a jami'ar KAUST ta garin Thuwal ya kamata su fahimci 'yan sanyin nan sosai, domin da su ne za a gane abin da ya bambanta namu tekun.

A fara da numfashin kansa. Idan ganye, ciyawar ruwa ko mataccen kifi ya sauka ƙasa, masu amfani da oksijin ne ke fara cin sa. Amma oksijin kaɗan ne cikin ruwa, miligiram 6 zuwa 11 a lita gwargwadon zafi da gishiri, kuma a lakar gaɓa mai abinci ba ya shiga ƙasa fiye da 'yan milimita. Daga nan sai layi ya bi: masu amfani da naitiret, masu amfani da manganis, masu amfani da tsatsar ƙarfe, sannan masu salfet, sai masu yin iskar metan a ƙarshe. Masu salfet suna kusa da bayan layi domin ribar numfashinsu ƙarama ce. Kafin ma su amfana da salfet sai sun kashe masa ƙarfi daga aljihunsu, su haɗa shi da ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke ajiye ƙarfinta a ciki, ya zama wani sinadari da ake kira APS, a mayar da shi salfit, sannan wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadari, mai suna DsrAB ya kai shi ga salfayid. Jari kafin riba ke nan, kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya ɗaukaka su shi ne yawan kayan. Kowace litar ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 2.7 na salfet, wato milimol 28, kusan ninki 100 na oksijin idan aka ƙirga ƙwaya da ƙwaya. Shi ya sa Bo Barker Jørgensen na Denmak ya nuna a 1982 cewa a lakar gaɓar teku har kusan rabin abin da ke ruɓewa ta hannunsu yake bi.

Ba su da haƙoran cin babban abu. Wasu bakteriya ne ke farfasa kayan su tsimar da su, su bar laktet, asitet, furofiyonet da iskar haidurojin, sannan masu salfet su kwashe ragowar. Wasunsu suna cinyewa har ƙarshe, wasu kuma su tsaya a asitet su bar wa maƙwabta.

Yanzu batun sanyi. Kowane aiki na sinadari yana raguwa idan zafi ya sauka, galibi ninki 2 zuwa 3 a kowane digiri 10. Bisa wannan lissafi an daɗe ana zaton cewa lakar yankunan ƙanƙara ma'ajiya ce kawai, abin da ya faɗa ciki ya kwanta. Masu bincike na Cibiyar Max Planck ta nazarin ƙwayoyin teku da ke Bremen a Jamus suka je tsibiran Svalbard, tsakanin Nowe da ƙuryar arewacin duniya, inda zafin ƙasan ruwa a wuraren da suka ɗebi laka yake digiri 2.6 a wani wuri, 1.7 ƙasa da sifiri a wani. Abin da suka samu shi ne saurin sarrafa salfet a can bai gaza na tekunan Turai masu matsakaicin yanayi da wani abin a zo a gani ba. Abin da ke taƙaita aikin shi ne yawan abincin da ke sauka, sanyi na biye ne. A 1999 Christian Knoblauch da Kerstin Sahm da Jørgensen suka bayyana nau'o'i biyar da suka ware daga lakar: Desulfofrigus oceanense, Desulfofrigus fragile, Desulfofaba gelida, Desulfotalea psychrophila da Desulfotalea arctica. Dukkansu suna girma a digiri 1.8 ƙasa da sifiri, dab da inda ruwan teku ke daskarewa. Desulfofaba gelida ta fi jin daɗi a digiri 7. Desulfotalea psychrophila a digiri 10, inda take rubanya kanta cikin ɗan fiye da kwana ɗaya, a kusa da daskarewa kuwa sai ta fi haka daɗewa. An karanta dukan kundin halittarta a 2004.

Ana rarrabe iri biyu, kuma rarrabewar na da amfani a ɗakin gwaji. Masu son sanyi na ainihi, bisa ma'aunin Richard Morita na 1975, sun fi girma a digiri 15 ko ƙasa, kuma ba sa wuce 20. Masu jure sanyi kuwa suna lallaɓawa kusa da sifiri amma sun fi son 20 zuwa 30. A tekun da sanyinsa na wani lokacin shekara ne kawai, masu jurewa suka fi yawa, domin mai son sanyi na ainihi ba zai tsallake bazara ba.

Yaya suke yi? Mai girki ya riga ya san rabin amsar. Sa man shanu da man gyaɗa a firji: na farko ya sandare, na biyu ya yi kauri kawai. Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar bakteriya da mai aka yi shi, kuma ta cikinsa abinci ke shiga, a jikinsa kuma injin numfashi yake. Idan ya sandare komai ya tsaya. 'Yan sanyi suna gina nasu tantanin da irin man da ba ya daskarewa da wuri, mai lanƙwasa a jikin ƙwayarsa, wanda ba ya jeruwa ya matse. Rabi na biyu enzayim ne. Enzayim sai ya motsa, ya buɗe ya rufe, kafin ya yi aiki, sanyi kuwa yana ƙage shi. Nasu sassauƙa ne, an rage masa maɗaurai, don haka yana motsi a inda na wasu ya ƙage. Kuɗin da suka biya shi ne rauni: abin da aka sassauta don sanyi, zafi kaɗan ke warware shi. Suna kuma da wasu furotin da ke hana zaren saƙon halitta nannaɗewa ya cije lokacin da sanyi ya tsananta.

Akwai wani abu a nan da ke yawan ruɗar mai sabon shiga. Idan aka ɗumama 'yan sanyin nan, numfashinsu yana ci gaba da ƙaruwa har 'yan digiri sama da inda girmansu ya fi kyau. Mai auna salfayid zai ga lamba tana hawa ya ce sun ji daɗi, alhali haki suke yi: suna ƙona abinci da yawa don gyaran ɓarnar da zafi ke yi musu, suna gina jiki kaɗan. A sanyi ne suka fi mayar da abinci jiki. Saboda haka saurin fitar da salfayid a gwajin awa kaɗan ba shi ne ma'aunin lafiyarsu ba. Da aka ajiye lakar Svalbard a ɗumi na tsawon watanni da yawa, 'yan asalin sun ja baya, wasu suka gaje wurin. Wannan ne abin dubawa game da ɗumamar yankin Aktik na ƙuryar arewa, wanda ke ɗumama fiye da sauran duniya: aikin ba zai tsaya ba, masu yin sa ne za su sauya.

Wani abin mamaki daga wannan laka. Idan aka jera ta a kwalabe daga sifiri zuwa digiri 80, ana ganin tudu biyu. Na farko na 'yan sanyi. Na biyu yana fitowa wajen digiri 50 zuwa 60, bayan 'yan awoyi, daga ƙwayoyin iri masu barci na bakteriyar zafi waɗanda ba za su taɓa tsira a can ba. Casey Hubert da abokan aikinsa sun lissafa a 2009 cewa fiye da miliyan 100 na irin waɗannan suna sauka a kowane murabba'in mita a shekara, kuma danginsu na kusa suna rayuwa ne a rijiyoyin mai da duwatsu masu zafi na ƙarƙashin teku. Igiyar ruwa ce ke kwaso su.

Me aikinsu ke haifarwa a ruwa? Na farko, suna mayar da matattun abubuwa zuwa kabon da ke narke, su saki amoniya da fosfet waɗanda ciyawar ruwa ke buƙata. Kowace ƙwayar salfet tana tafiya da ƙwayar kabon biyu. Salfayid ɗin da suka fitar kuwa, idan ya gamu da ƙarfe sai ya zama baƙin nan na laka, a hankali ya koma fayirayit, ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinare. Kaɗan ne ke binnewa a haka. Kusan kashi 90 yana komawa salfet, ta hannun tsatsar ƙarfe da manganis da wasu bakteriya masu cin salfayid: Beggiatoa mai shimfiɗa farar tabarma a kan laka, Thiomargarita ta gaɓar Namibiya wadda ido ke iya gani, da waɗanda aka gano a Aarhus ta Denmak a 2012, masu jeruwa kamar waya suna kai lantarki tsawon santimita daga inda salfayid yake zuwa inda oksijin yake.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi girman hidimarsu, tsaron iskar metan. A ƙarƙashin sashen salfet ana yin metan mai yawa, wani ma yana daskare a matsayin ƙanƙarar gas a gangaren teku masu sanyi da matsi. Yayin da yake tasowa sai ya iske shinge a daidai inda salfet ke ƙarewa. Antje Boetius da abokan aikinta sun nuna a 2000, daga lakar gaɓar Oregon a Amurka, wasu dunƙulallun ƙwayoyi: akiya, wasu ƙwayoyi masu kama da bakteriya amma dangi dabam, masu cin metan a tsakiya, masu salfet sun kewaye su. Na ciki su kwance metan, na waje su karɓi lantarkin su zuba wa salfet. Ɗaya ba ya yi sai da ɗaya. Wannan haɗin gwiwa yana cinye kusan kashi 90 na metan ɗin lakar teku kafin ya kai ruwa, kuma yawancinsa a sanyi ake yi. Suna rubanya kansu ne cikin watanni, don haka idan metan ya ɓalle da yawa farat ɗaya, shingen ba ya faɗaɗa da saurin da zai tare shi.

Ɓarnarsu ma tana nan. Fosfet a laka yana maƙale ne a jikin tsatsar ƙarfe. Salfayid ya zo ya ƙwace ƙarfen, fosfet ya kuɓuce ya hau ruwa, ciyawa ta yi yawa, ta mutu, ta cinye oksijin, masu salfet su ƙara samun fili. Da zarar tafki ko ƙaramin lungun teku ya shiga wannan zagaye, ko an datse ƙazantar da ke shiga, laka tana ci gaba da ciyar da shi shekaru. Lungunan da ke tsakiyar Jidda irin su Arba'in, masu ƙaramin baki da ruwa ba ya sauyawa sosai, sun ɗanɗana wannan a shekarun da ruwan ƙazanta ke zuba cikinsu. Bahar Aswad kuwa, tekun da ke arewacin Turkiyya, daga zurfin mita 150 zuwa 200 har ƙasa duk salfayid ne, a sanyin kusan digiri 9. Sai batun zaiba. Wasu masu salfet suna ɗauke da ƙwayoyin gado biyu, hgcA da hgcB, da aka gano a 2013, waɗanda ke mayar da zaiba zuwa nau'in da ke taruwa a naman kifi ya taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta ɗan tayi. 'Yan'uwanmu da ke aikin dahaba a Sudan, inda ake kama zinare da zaiba, ya kamata su san cewa wankin da ya gangara kogi ko madatsa bai tafi ba. Ruwan daɗi yana da salfet kaɗan, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin 100 na ruwan teku ba, amma wannan kaɗan ɗin ya ishe su yin wannan aiki a laka.

To, Bahar Maliya. A tekun Indiya, idan aka sauka mita 2,000 ana samun digiri 2 zuwa 3. A namu, a wannan zurfi, digiri 21 zuwa 22 ne. Dalili shi ne tudun da ke ƙarƙashin ruwa kusa da tsibiran Hanish, arewa da Babul Mandab, wanda zurfinsa bai kai mita 200 ba. Ruwan sanyi mai nauyi na can ƙasan Tekun Adan ba ya iya haurawa. Ruwan ƙasan namu a arewa ake yin sa, wajen Suwez da Akaba, inda iskar hunturu ke ɗan sanyaya ruwa mai gishiri sosai ya nutse. Ma'ana, ƙasan Bahar Maliya ya fi ƙarfin masu son sanyi na ainihi: Desulfotalea psychrophila ba ta girma a digiri 20, balle 22. Masu salfet ɗinmu 'yan matsakaicin zafi ne da 'yan zafi da 'yan gishiri. Ɗumin yana da wani sakamako: abin da ke saukowa daga sama yana ruɓewa da sauri a hanya, kuma dama saman tekun ba shi da yalwar abinci, don haka lakar zurfi ba ta samun rabo mai yawa. Aikin salfet ya fi ƙarfi a gaɓa, gindin shura, ciyawar teku, lunguna, da kuma ramukan ruwan gishiri na tsakiya. Ramin Atlantis II, tsakanin Jidda da gaɓar Sudan a zurfin kusan mita 2,000, zafinsa ya kai wajen digiri 68, kuma saboda ma'adinansa Saudiyya da Sudan suka ƙulla yarjejeniya a 1974. Ramin Kibrit da ke arewa sunansa, wato farar wuta da Larabci, ya faɗi abin da ke cikinsa.

Kalma ɗaya ga masu aikin bayyara da magudanai, domin iskar haidurojin salfayid iri ɗaya ce ko wane ne ya yi ta, kuma a zafinmu ana yin ta da sauri. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. A wajen 100 zuwa 150 cikin miliyan tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi. Daga 700 zuwa sama shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da mutum. Ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami, kuma motsa laka yana sakin ta gaba ɗaya. Kada a shiga sai an auna da na'ura an hura iska, da igiya a jiki da mutum a sama. Wanda ya faɗi, kada ɗan'uwansa ya dira ba kayan numfashi, domin ta haka gawa ɗaya ke zama uku. Ita ce kuma ke zama ruwan batir a rufin bututun kankare ta cinye shi daga sama.

Ga mai son nazarinsu, yawancin kuskure a ɗaukar samfur yake. Ana kafa bututun roba mai haske cikin laka, a toshe sama da ƙasa da ruwan wurin a kai, ba kumfar iska. A rubuta zafin wurin nan take, a riƙe samfur a wannan zafin. Lakar da aka ɗauko daga zurfin Tekun Adan aka bari a kan jirgi a ranar Jidda na rabin awa ta riga ta zama wata laka dabam. Akasin haka ma kuskure ne: lakar Bahar Maliya mai digiri 22 idan aka jefa ta firji an gigita mazaunanta, kuma firji ba ya tsayar da aiki a lakar da ta saba da sanyi, gida aka mayar da su. Don adana salfayid, a yanki bakin sirinji, a soka a laka, a tura abin da aka ɗebo cikin ruwan zink asitet mai ƙarfin kashi 20, wanda ke kama salfayid ya kashe ƙwayoyin. Idan aka yi jinkiri iska ta taɓa shi, lamba za ta fito ƙasa da gaskiya.

Auna saurin aiki kuwa da salfet mai fitar da burbushin nukiliya da na'ura ke iya ƙirgawa ake yi, farar wuta mai lamba 35. Ana allurar ɗan kaɗan a kowane santimita na bututun, a ajiye a duhu a zafin asali na awoyi zuwa kwana ɗaya, a tsayar da zink, a tatso salfayid da kuromiyam da asid, a ƙirga. Idan ajiyar ta yi tsawo, wani salfayid ɗin ya riga ya koma salfet, sai a raina aikin. Wannan yana buƙatar ɗakin gwaji mai lasisi.

Ƙirga ƙwayoyin ya fi sauƙi, kuma shi ma'aikatan man fetur ke yi, domin inda ake tura ruwan teku cikin rijiya, kamar yadda ake yi daga Kurayya zuwa filin man Ghawar a gabashin Saudiyya, an kai wa masu salfet abincin numfashinsu, su kuma suna tsama mai suna huda bututu. Ana jera kwalabe masu mililita 9 na ruwan renon Postgate, mai laktet da salfet da ƙarfe, ba oksijin. A sa mililita 1 na samfur a ta farko, a girgiza, a ɗauki 1 da sabuwar sirinji zuwa ta biyu, har shida ko takwas. Kwalba ta ƙarshe da ta yi baƙi ita ke nuna yawansu. Ta farko idan ta yi baƙi cikin minti kaɗan, salfayid ɗin samfurin ne, ba girma ba. Gishirin ruwan reno ya dace da na wurin, na Bahar Maliya kusan giram 40 a lita. Laktet kaɗai yana ɓoye masu cin asitet, don haka a yi wani layin da asitet. Al'adar ajiye kwalabe a digiri 30 na kwana 28 ta dace da bututun mai da lakar gaɓarmu. Ga samfurin ruwa mai sanyi kuwa, a raba shi uku, digiri 4 da 10 da 20, kuma kwalaben digiri 4 a ba su watanni kafin a rubuta cewa babu kowa a ciki.